Wa Ke Riƙe da Kyamara: Tarihin Finafinan Wariya, Talauci da Zubar da Jini

Ranar 28 ga Disamba, 1895, wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Auguste da Louis Lumière, suka tara mutane a wani ɗaki a birnin Faris, suka karɓi kuɗin ƙofa, suka haska musu hotuna masu motsi a jikin farin allo. Daga wannan rana ake ƙirga shekarun silima. Abin da aka nuna bai wuce irin su ma'aikata na fitowa daga masana'anta da jariri ana ba shi abinci ba. Ana ba da labari cewa da aka haska hoton jirgin ƙasa yana shigowa tasha, 'yan kallo suka watse a guje don kada ya take su. Labari ne mai daɗin faɗa, amma masana tarihin fim ba su sami shaidar wancan zamani da ta tabbatar da shi ba.

Abin da babu shakka a kansa shi ne zamanin da aka haifi wannan sana'a. Turawa sun gama raba Afirka a kan takarda a taron Balin na 1884 zuwa 1885, suna kan mamaye ta da bindiga. A Amurka kuwa, shekara talatin bayan yaƙin basasan da ya kawo ƙarshen bauta, kotun ƙoli ta yanke hukunci a 1896 cewa halal ne a raba farare da baƙaƙe a jirgin ƙasa, hukuncin da ya zama madogara ga raba su a makaranta da asibiti har da maƙabarta. Hannun masu irin wannan tunani kyamara ta fara faɗawa, su ne kuma suka fara tsara yadda duniya za ta riƙa ganin baƙar fata da talaka. A 1903, shekarar da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato, kamfanin Edison ya fitar da The Great Train Robbery, fim ɗin fashi wanda a cikinsa ɗan fashin ke auna 'yan kallo da bindiga ya harba. A shekarar dai kamfanin ya fitar da Uncle Tom's Cabin, labarin wani bawa, sai dai Bature ne ya fito a matsayin bawan, ya shafa baƙi a fuska. Al'ada ce da aka gada daga dandalin barkwanci na ƙarni na 19, inda farar fata ke shafe fuska da baƙin toka, ya faɗaɗa leɓe da fenti, ya yi ta wauta ana dariya.

1915: Fim ɗin da ya ta da matacciyar ƙungiya

D. W. Griffith ɗan jihar Kentucky ne, mahaifinsa kanar ne a rundunar Kudu, ɓangaren masu bayi da aka ci da yaƙi a 1865. Ranar 8 ga Fabrairu, 1915, ya fitar da fim na wajen awa uku wanda aka sani da The Birth of a Nation, wato haihuwar ƙasa. Daga littafin wani fasto mai suna Thomas Dixon ya ɗauko labarin. Ta fuskar gwaninta Amurka ba ta taɓa ganin irinsa ba: fagen yaƙi cike da mutane da dawaki, kyamara na matsowa dab da fuska, ana yanka daga wannan wuri zuwa wancan har sai zuciyar mai kallo ta kama bugawa.

Labarin kuwa guba ne. An nuna 'yantattun bayi sun mamaye majalisar jiha, suna shan giya, sun ɗora ƙafa ba takalmi a kan tebur. An nuna wani baƙi, wanda shi ma Bature ne da baƙi a fuska, yana bin wata yarinya fara har ta faɗa daga kan dutse ta mutu. Sai 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan suka fito cikin fararen riguna da rufaffun fuskoki, suka kama shi suka kashe, su ne kuma jaruman fim ɗin. Kusa da ƙarshe an nuna su a kan dawaki da bindigogi a ƙofar gidajen baƙaƙe ranar zaɓe, don kada kowa ya fito jefa ƙuri'a. Wannan shi ne abin da Griffith ya ɗauka kyakkyawan ƙarshe.

An haska fim ɗin a fadar shugaban ƙasa Woodrow Wilson a watan da ya fito. Ana cewa Wilson ya yaba, har ya kwatanta shi da rubuta tarihi da walƙiya, amma maganar ba ta bayyana a rubuce ba sai bayan fiye da shekara ashirin, kuma masana da yawa ba su yarda ya faɗe ta ba. Abin da ke rubuce shi ne cewa ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe ta NAACP, wadda aka kafa a 1909, ta nemi a hana nuna shi, wani ɗan jarida baƙar fata mai suna William Monroe Trotter ya jagoranci zanga-zanga a Boston har aka kama shi, jama'a kuma suka ci gaba da tururuwa, wasu na biyan dala biyu a Niyok, kuɗi mai tsoka a lokacin. Ita Klan ta asali gwamnati ta murƙushe ta tun cikin shekarun 1870. A watan Nuwamba na 1915 wani William Simmons ya hau dutsen Stone Mountain a jihar Jojiya da 'yan mutanensa, suka ƙona gicciye, suka sake kafa ta. Kafin tsakiyar shekarun 1920 mambobinta sun kai miliyoyi, kuma da wannan fim suka riƙa jawo sababbi.

Raddi ya zo daga wani mutum da ba shi da kuɗin Griffith ko kayan aikinsa. Oscar Micheaux, ɗan tsofaffin bayi, ya yi hidima a jirgin ƙasa, ya yi noma a Dakota ta Kudu, ya rubuta littattafai yana bi gida gida yana sayarwa. A 1920 ya fitar da Within Our Gates, ya juya labarin Griffith kansa a ƙasa: a nan farare ne ke taruwa da mata da yara su rataye wani manomi baƙi da matarsa ba tare da shari'a ba, kuma farar fata ne ke yunƙurin yi wa yarinya baƙa fyaɗe. Ba ƙage ya yi ba. Ƙididdigar da cibiyar Tuskegee ta ajiye ta nuna an yi wa baƙaƙe fiye da 3,400 irin wannan kisa tsakanin 1882 da 1968. Masu tace finafinai na Cikago sun so hana shi, saboda watanni kaɗan kafin nan, a Yulin 1919, tarzomar launin fata ta ci mutum 38 a birnin. Daga baya fim ɗin ya ɓace, aka ɗauka ya tafi ke nan, sai da aka tsinci kwafi ɗaya a Sifen, aka gyara shi a 1993. Micheaux ya yi finafinai fiye da arba'in kafin rasuwarsa a 1951, a gidajen silima na baƙaƙe ake nuna su, yawancinsu kuma ba su tsira ba.

1929 zuwa 1940: Talaucin da aka yarda a nuna

Da kasuwar hannun jari ta Niyok ta karye a 1929, miliyoyin Amurkawa suka rasa aiki, talauci ya zama abin da Holiwud ba za ta iya kau da kai daga gare shi ba. Sai ga finafinan 'yan daba, Little Caesar da The Public Enemy a 1931, Scarface a 1932, labaran 'ya'yan baƙin haure da suka ga bindiga ce kaɗai tsanin hawa sama. Malaman coci suka yi ca, daga 1934 aka fara aiki sosai da dokar tace finafinai da ake kira dokar Hays. Ta ce dole mai laifi ya ga sakamako kafin a tashi, ta kuma haramta nuna soyayya tsakanin fari da baƙi. A ƙarƙashin wannan doka aka yi The Grapes of Wrath a 1940, wanda John Ford ya ba da umarni, labarin iyalin manoman Oklahoma da fari da bashin banki suka kora zuwa Kalifoniya. Fim ne mai taɓa zuciya, kuma har yau bai tsufa ba. Sai dai a lura: talakan da aka yarda a yi wa kuka fari ne. Hatta da Fritz Lang ya yi Fury a 1936 kan taron jama'a masu kisa ba shari'a, wanda aka so ƙonawa a cikin fim ɗin Bature ne.

Baƙaƙe kuwa aikin gida aka tanadar musu. A 1939 aka fitar da Gone with the Wind, wanda ya nuna zamanin bauta tamkar wata aljanna da aka rasa. Hattie McDaniel, wadda ta fito a matsayin baiwa mai reno, ba ta halarci bikin fara nuna shi a Atlanta ba saboda dokar wariya. A Fabrairun 1940 ta zama baƙar fata ta farko da ta ci kyautar Oscar, amma a otal ɗin da aka yi bikin, a wani ɗan tebur na gefe aka zaunar da ita, nesa da abokan aikinta. Ana cewa da aka zarge ta da zubar da mutuncin baƙaƙe, ta amsa cewa gara ta fito a matsayin 'yar aiki ta karɓi dala ɗari bakwai a mako da ta zama 'yar aikin gaske a kan dala bakwai. Ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba, wannan shi ne zaɓin da aka bar mata. Paul Robeson ma ya ɗanɗana irinta a Ingila: ya karɓi matsayin wani sarki a Sanders of the River na 1935, labarin da aka ɗora a Nijeriya ta zamanin mulkin mallaka, yana tsammanin za a girmama Afirka, da ya ga an mai da shi yabon jami'in mulkin Turawa sai ya barranta da shi.

1945 zuwa 1957: Kyamara ta fita titi

Yaƙin Duniya na Biyu ya bar Italiya a rushe. Babban sansanin shirya finafinai na Rum, Cinecittà, ya koma matsugunin 'yan gudun hijira, don haka daraktoci suka ɗauki kyamara suka fita titi, suka nemi 'yan wasa a cikin masu wucewa. Roberto Rossellini ya buɗe hanya da Rome, Open City a 1945, amma wanda ya zagaya duniya shi ne fim ɗin Vittorio De Sica na 1948, Ladri di biciclette, ɓarayin keke. Wani magidanci ya daɗe ba aiki, ya samu na manna takardun talla, da sharaɗin sai yana da keke. Nasa yana wurin jingina. Matarsa ta cire zannuwan gadonsu ta kai, aka karɓo keken. A ranar farko ta aiki aka sace shi. Sauran fim ɗin duk shi da ƙaramin ɗansa ne suna yawon nema a kasuwanni da lunguna, har da ya ga ba mafita ya yi yunƙurin satar na wani, aka kama shi, aka mare shi a gaban yaron. Babu yaƙi, babu gawa, amma da wuya ka sami fim da ya fi shi nuna yadda talauci ke cin mutuncin mutum kafin ya ci jikinsa.

Ana cewa wani babban furodusa na Holiwud ya yi tayin zuba kuɗi idan za a ba Cary Grant matsayin uban, De Sica ya ƙi. Wanda ya ɗauka, Lamberto Maggiorani, ma'aikacin masana'anta ne, kuma bayan fim ɗin ya yi suna aka sallame shi daga aikinsa. Gwamnati ma ba ta ji daɗi ba. Giulio Andreotti, wanda ke kula da harkar fim a lokacin kuma daga baya ya yi firaminista sau da yawa, ya rubuta a 1952 yana zargin De Sica da ɓata sunan Italiya a idon duniya. Wannan zargi na tonon asiri zai bi kusan duk wanda ya nuna talaucin ƙasarsa.

A Meziko ma haka aka yi. Luis Buñuel ya fitar da Los Olvidados, waɗanda aka manta da su, a 1950, kan yaran titi na babban birnin ƙasar. Shi bai yarda talauci na mai da mutum waliyyi ba. Yaransa suna dukan makaho, makahon shi ma mugu ne, gawar yaron da mai kallo ya fi tausayawa kuma a bola aka jefar da ita. Kwana kaɗan aka yi ana nuna shi aka janye, wasu na kira a kori Buñuel daga ƙasar. Da ya ci kyautar gwarzon darakta a bikin Cannes na 1951, sai aka dawo da shi da girmamawa.

Wani matashi ɗan Kalkata mai zanen tallace-tallace, Satyajit Ray, ya kalli ɓarayin keke a Landan a 1950, ya fito da niyyar yin fim. Shekara kusan uku ya yi yana ɗaukar Pather Panchali, labarin wani iyali matalauta a ƙauyen Bengal, kuɗi na yankewa ana tsayawa, har da jinginar da gwalagwalan matarsa, kafin gwamnatin jihar ta ƙarasa masa. Ana cewa a kasafin gyaran hanyoyi aka rubuta kuɗin, tunda sunan fim ɗin na nufin waƙar hanya. Ya fito a 1955. Mu a ƙasar Hausa ba wannan muka sani ba, wanda ya zauna mana shi ne Mother India na Mehboob Khan, na 1957, da aka yi shekaru ana maimaitawa a gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos. Wanda ya kalla ba zai manta Sukhilala mai ba da bashi da ruwa ba, wanda ke kwashe kashi uku cikin huɗu na amfanin gona, ko Radha da ke jan garma da wuyanta, ko lokacin da ta harbe ɗanta Birju da hannunta. Abin mamaki, Nargis da ta fito a matsayin Radha ita ce ta tashi a majalisar dokokin Indiya a 1980 ta zargi Ray da tallata talaucin Indiya ga Turawa. Bambancin da ke tsakaninsu a fili yake: talaucin Mother India yana da waƙa da rawa da madatsar ruwa a ƙarshe, na Ray ba shi da ko ɗaya.

1949 zuwa 1968: Zamanin Sidney Poitier

Sojoji baƙaƙe sun yaƙi Hitler sun dawo gida an hana su kujerar gaba a bas. Wannan abin kunya, da gasar neman suna da Tarayyar Sobiyet, suka sa Holiwud ta fara taɓa batun wariya. A 1949 aka yi Pinky, labarin wata yarinya baƙar fata mai hasken da har ake ɗaukarta Baturiya, amma Baturiyar gaske, Jeanne Crain, aka ba matsayin, don kada a ga baƙa a hannun saurayi fari. Duk da haka wani gari a Texas ya haramta shi, sai da magana ta kai kotun ƙoli a 1952.

A 1950 Sidney Poitier, ɗan manoman tumatir daga tsibiran Bahamas, ya fito a No Way Out a matsayin likita mai jinyar ɗan fashin da ke zaginsa. Kusan shekara ashirin shi kaɗai ne babban jarumi baƙi a Holiwud, kuma kaya ne mai nauyi. Dole ya fi kowa ilimi, ya fi kowa haƙuri, ya yafe kafin a roƙe shi. A The Defiant Ones na 1958 shi da Tony Curtis fursunoni ne da suka gudu ɗaure da sarƙa ɗaya. A ƙarshe Poitier ya samu ya hau jirgin ƙasa, abokinsa fari ya kasa, sai ya faɗo tare da shi. Marubuci James Baldwin ya ba da labarin cewa farare sun tafa, baƙaƙen unguwar Harlem kuwa ihu suka yi ta yi masa ya koma jirgi. To Kill a Mockingbird na 1962, wanda Amurkawa ke so kamar me, yana da irin wannan tawaya. Baƙin da aka yi wa ƙazafin fyaɗe, Tom Robinson, an kashe shi ba a ma nuna ba, labarin kuma na lauyansa fari ne, wanda Gregory Peck ya fito a matsayinsa, da darasin da 'ya'yansa suka koya. Fim ne mai kyau, amma an yi shi ne don farar fata ya kalli kansa ya ji sanyi.

Poitier ya ci Oscar a 1964, shekarar da aka sa hannu a dokar 'yancin jama'a. Sai 1967 ya rama. A In the Heat of the Night shi ɗan sandan ciki ne daga Filadelfiya da aka kama a tashar jirgi a Misisipi don kawai baƙi ne da kuɗi a aljihu. Da bincike ya kai shi gidan wani attajiri mai gonar auduga, mutumin ya sharara masa mari, nan take ya mayar masa. Daƙiƙa biyu ne, amma an daɗe ana jiran su. A jihar Illinois ta Arewa aka ɗauki yawancin fim ɗin, domin Poitier ya ƙi zama a Kudu bayan da 'yan Klan suka taɓa bin motarsu shi da Harry Belafonte a Misisipi a 1964. Fim ɗin ya zama gwarzon shekara a bikin Oscar na Afrilun 1968, bikin da aka ɗage da kwana biyu saboda an harbe Martin Luther King ranar 4 ga watan.

1958 zuwa 1966: Afirka ta karɓi kyamara

Tun 1934 Faransa ta kafa doka cewa ba a ɗaukar fim a ƙasashen da take mulka a Afirka sai da izinin hukuma. René Vautier, Bafaranshen da ya karya ta ya nuna zaluncin mulkin mallaka a Afrique 50, ɗauri ya sha, fim ɗin kuma ya yi shekara arba'in a haramce. A 1958 Jean Rouch ya yi Moi, un noir da 'yan cin rani daga Nijar da ke dako a unguwar Treichville ta Abijan. Jaruminsa Oumarou Ganda, tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙin Indocina, shi ya ba da labarin da bakinsa, yana kiran kansa Edward G. Robinson, sunan jarumin Little Caesar. Ka ga inda 'yan daban Holiwud suka kai. Ganda ya koma Yamai ya zama darakta, ya yi Cabascabo kan sojan da ya dawo gida ya cinye kuɗinsa abokai suka watse, ya kuma ci babbar kyautar farko ta bikin FESPACO a Wagadugu a 1972.

Ousmane Sembène na Senegal, wanda ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Marseille kafin ya koyi fim a Mosko, bai gamsu da Rouch ba. A wata tattaunawa a 1965 ya gaya masa a fuska cewa irinsu suna kallon 'yan Afirka ne kamar masu nazarin ƙwari. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Borom Sarret na 1963, minti ashirin kacal, yini ɗaya ne a rayuwar mai amalanken doki a Dakar: ya kai mai naƙuda asibiti, ya kai gawar jariri maƙabarta, maroƙi ya wasa shi ya ba da ɗan abin da ya samu, sannan wani mai kwat ya sa shi shiga unguwar manya inda aka hana amalanke, ɗan sanda ya ƙwace ta. Shekara uku ke nan da samun 'yancin kai, kuma babu Bature ko ɗaya a cikin masu cutarsa. A 1966 ya yi La Noire de..., labarin Diouana da iyayen gidanta Faransawa suka kai garin Antibes, ta ga ba reno aka kawo ta ba, bauta ce, ta kashe kanta a bahon wanka.

A shekarar dai Gillo Pontecorvo, Ba'italiye, ya fitar da The Battle of Algiers da haɗin gwiwar Saadi Yacef, ɗaya daga shugabannin 'yan gwagwarmayar Aljeriya, wanda ya fito a ciki. A lungunan unguwar Kasba aka ɗauke shi, inda abin ya faru. Ya nuna sojan Faransa na azabtar da kamammu da wuta da ruwa, ya kuma nuna mata uku sun yi shigar Turawa sun dasa bam a wuraren shaƙatawa, kyamara ta tsaya a kan fuskokin waɗanda za su mutu, har da ƙaramin yaro. Ya ci babbar kyautar Venice, Faransa ba ta nuna shi ba sai 1971, kuma a 2003 ma'aikatar tsaron Amurka ta haska wa jami'anta shi suna tsakiyar yaƙin Iraƙi.

1968 zuwa 2002: Unguwanni sun yi magana

Dokar Hays ta mutu a 1968, jini ya ɓalle a allo. Melvin Van Peebles ya yi Sweet Sweetback da kuɗin aljihunsa a 1971, Gordon Parks ya yi Shaft, kamfanoni suka ga akwai kuɗi a wurin baƙaƙe, suka cika kasuwa da kawalai da dillalan ƙwaya har abin ya gundura. Wanda ya fi su duka daraja ba a ma gan shi ba. Charles Burnett ya ɗauki Killer of Sheep a unguwar Watts ta Los Angeles da abin da bai kai dala dubu goma ba, kan wani ma'aikacin kwata da gajiya ta hana barci. An gama shi kafin 1978, rashin kuɗin biyan haƙƙin waƙoƙin ciki ya hana shi shiga silima sai 2007.

A 1989 Spike Lee ya fitar da Do the Right Thing. Yini ɗaya ne mai tsananin zafi a wani layi na Brooklyn. Gardama ta tashi kan hotunan da wani Ba'italiye mai gidan abinci ya liƙa a bango, babu baƙi ko ɗaya alhali baƙaƙe ne masu sayen abincinsa. Kafin dare ya raba, 'yan sanda sun shaƙe wani saurayi, Radio Raheem, har lahira, jama'a sun ƙona shagon. Wasu masu sharhi suka yi ta gargaɗin cewa fim ɗin zai ta da tarzoma. Ba a yi ba. Lee ya sha faɗin cewa masu sukarsa shagon suke wa kuka, ba sa ambaton yaron. Ba a ko sa shi cikin masu takarar gwarzon fim a Oscar ba. Wanda ya ci a wannan shekara shi ne Driving Miss Daisy, labarin direba baƙi mai haƙuri da uwar ɗakinsa fara.

John Singleton yana da shekara 23 ya yi Boyz n the Hood a 1991, kan samari uku a kudancin Los Angeles, inda aka harbe ɗaya daga cikinsu, mai buga ƙwallo, a ranar da sakamakon jarrabawar da zai kai shi jami'a ya iso. Shi ne baƙi na farko da aka tsayar takarar gwarzon darakta a Oscar. A Faransa, kisan wani yaro ɗan asalin Zayar mai shekara 17 a ofishin 'yan sanda a 1993 ya sa Mathieu Kassovitz ya yi La Haine, ƙiyayya, a 1995, kan abokai uku, Bayahude da Balarabe da baƙi. Firaminista Alain Juppé ya sa an haska wa ministocinsa, amma bayan shekara goma unguwannin suka kama da wuta. A Birazil aka yi Pixote a 1980 da City of God a 2002, duka da yaran unguwannin marasa galihu. Yaron da ya fito a matsayin Pixote, Fernando Ramos da Silva, ya koma inda ya fito bayan an gama tafi, 'yan sanda suka harbe shi a 1987 yana da shekara 19.

1991 zuwa 2021: Kyamarar mai wucewa

A cikin waɗannan shekaru kyamara ta yi arha har ta shiga hannun kowa. A Maris na 1991 wani mutum ya leƙo daga gidansa ya ɗauki 'yan sandan Los Angeles suna jibgar Rodney King da kulake. Duniya ta gani, amma a Afrilun 1992 masu taya alƙali hukunci suka wanke su, tarzomar da ta biyo baya ta ci mutum fiye da hamsin. A Maris na 2014 fim ɗin Steve McQueen, 12 Years a Slave, wanda Chiwetel Ejiofor ɗan asalin Nijeriya ya ja, ya zama na farko da baƙi ya ba da umarni da ya ci gwarzon fim a Oscar. Wata huɗu bayan nan ɗan sanda ya shaƙe Eric Garner a Niyok kan zargin sayar da taba kara kara, an ɗauka a waya, ba a gurfanar da shi ba.

Ranar 25 ga Mayu, 2020, ɗan sanda Derek Chauvin ya danne wuyan George Floyd da gwiwa fiye da minti tara a Minneapolis. Sanarwar farko da 'yan sanda suka fitar ta ce mutumin rashin lafiya ce ta kama shi. Wata yarinya baƙar fata mai shekara 17 da ta fito sayayya ta ɗauki abin da wayarta daga bakin titi, ta sa a Facebook. Spike Lee ya haɗa hotunan Floyd da Garner da na Radio Raheem a gajeren fim ɗaya ya saki a intanet. An nuna bidiyon yarinyar a kotu, ita ma ta ba da shaida. A Afrilun 2021 aka sami Chauvin da laifin kisa, a watan Yuni aka yanke masa ɗaurin shekara 22 da rabi.